Audugar Rimin Inna

A ƙauyenmu, can gaba da Sule Tankarkar, rimi ɗaya ne tal. Ƙasarmu ba ta rimi ba ce, ta aduwa ce da gawo da tumfafiya, shi ma wannan ɗin ba wanda ya san wanda ya dasa shi. Yana tsaye a bakin tsohuwar rijiya, kuma duk matashin kan da muka yi barci a kansa muna yara daga jikinsa ya fito. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce gwanar wannan aiki a unguwarmu.

Ba ta jiran kwanson ya fashe a sama iska ta kwashe audugar. Da ta ga ya fara bushewa sai ta ɗauki doguwar ƙugiya ta je ta kaɗo, ta shanya a bayan ɗaki har ya buɗe baki da kansa. Daga nan wahalar ke farawa, don audugar rimi cike take da 'ya'ya baƙaƙe ƙanana, kuma Inna ta ce wanda ya bar su a ciki ya gayyato ɓera kwana. Sai ta zuba audugar cikin tsohuwar randa, ta rufe bakin da tsumma, ta zura maburgi tana murzawa, 'ya'yan na gangarawa ƙasa. Waɗanda suka maƙale kuma ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Idan ta gama za ka gan ta fari fat har gashin ido, tana atishawa tana dariya. Tana ɗinke matashin da hannu, kuma a kusurwa ɗaya takan rufe bakin da jan zare, don ta san inda za ta farke idan lokacin shanya audugar ya yi.

Ni ce autarta, ni ce kuma na yi nisa a boko. Na samu aikin ofis a Gumel, na samu miji ma'aikaci a can. Tun ranar da aka sa rana Inna ta fito da buhun da ta yi shekara uku tana tarawa, don rimi ɗaya ne, matan gari kuwa da yawa. Ta yi mini matasai biyu manya. Ta sa musu riga da wata atamfa mai ganye-ganye wadda ta daɗe tana ɓoyo a adakarta.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, tun a gida na fara jin nauyinsu. Na riga na ga ɗakunan amaren Gumel. Na san yadda ƙannen miji da ƙawayensu ke shigowa ranar jere, su ce sun zo taya murna, idanunsu kuwa suna lissafin kwanuka. Don haka kafin biki na bi wata ƙawata kasuwar Maigatari ranar Alhamis na sayo filon soso guda huɗu, kowanne cikin ledarsa mai ƙyalli. Ranar jere na raɗa wa wadda ke gyaran gado cewa ta jera na soson a sama, na Inna kuma ta tura su bayan sif. Ta dube ni, na ɗauke kai.

A lokacin ba a cire wa katifa da filo leda. Ledar ce shaidar sabunta. Sai dai a ɗora riga a kai, a kwanta ana zamewa, kunne yana jin ƙaras-ƙaras duk juyin da aka yi. Ga wani wari mai hawa kai da ke fita daga soson, kamar na sabon takalmin roba. Maigidana ya ce yana sa shi ciwon kai. Na ce masa bai saba da sabon abu ba ne. Ni a wautata ƙamshin arziki nake shaƙa. Da zafin bazara ya zo, in tashi wuyana sharkaf da gumi, amma na fi wata shida ban yarda an yage ledar nan ba.

Matasan Inna suka yi zamansu a bayan sif. Ɗaya ma wata baƙuwa da ta kwana biyu a gidanmu ta ce ya yi mata daɗi, na ce ta tafi da shi, har da godiyata a zuci. Ɗayan kuwa ga yadda aka yi da shi.

Mun sayi ƙaramin janareta saboda rashin wuta. Muka ajiye shi a tsakar gida kusa da makwarari. Idan aka tayar da shi sai ya yi ta rawa a kan siminti, yana tafiya da kansa, ƙararsa har gidan maƙwabta. Wata rana da la'asar maigidan ya ce in samo masa wani abu mai taushi ya sa a ƙarƙashi, ko tsohon buhu ko tsumma. Na shiga ɗaki na duba. Ba buhu, ba tsumma. Na leƙa bayan sif na jawo matashin Inna.

Ya karɓa yana jujjuya shi, ya ce, "Wannan ba na Inna ba ne?"

Na ce, "Ai ba amfaninsa muke yi ba."

Sai ya ɗaga janaretan ya sa. Ƙarar ta ragu sosai, har na yaba wa dabarata. Ba shi da laifi a wannan, ya tambaya, ni na ba da amsa. Cikin 'yan watanni baƙin mai da fetur suka jiƙa atamfar, ganyayyakin suka ɓace, ya zama wani baƙin abu a lanƙwashe wanda ko kaza ba ta kallonsa.

Shekara ta zagayo na haifi 'yata ta fari. A al'ada gida ya kamata in tafi wanka, amma na ce asibiti ya fi kusa a Gumel. Gaskiya ne, sai dai ba ita ce dukan gaskiyar ba. Ba na son abokan aikina su biyo ni barka su ga ɗakin ƙasa da dangar kara. Inna ba ta yi musu ba. Ta hau acaɓa zuwa Sule Tankarkar, ta shiga mota, ta iso kwana biyu bayan haihuwa. Ta zo da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa, da wani ƙulli a ɗaure cikin ɗankwali wanda ta ajiye a gefen jakarta.

Ta ɗauki jaririyar tana yi mata wasan kaka, tana ce mata, "Ƙawata, kin zo kin same ni da sauran ƙarfina." Da azahar ta yi ta ɗauki buta ta fita alwala a bakin makwarari. Ina kwance ina hango ta ta ƙofa. Na ga ta tsuguna, ta wanke hannu, sai ta tsaya da butar a hannu tana kallon gefenta. Wallahi sai a lokacin na tuna da abin da ke ƙarƙashin injin nan. Ta daɗe a haka, ko ni ce na ga daɗewar. Sannan ta ƙarasa alwalarta ta shigo ta yi salla.

Ta dafa mini ruwan wanka, ta dama kunun kanwa, ta karɓi 'yan barka da fara'a har aka yi suna. Na yi ta satar kallon fuskarta ban ga komai ba. Sai na ce wa raina ai ba ta gane shi ba. Abin da ya yi baƙi ƙirin haka, wa zai gane? Washegarin suna na sa aka ɗauke shi aka jefar a bola, aka sa guntun taya a madadinsa. Da Inna za ta tafi na ga ta mayar da ƙullin nan cikin jaka ba ta kwance shi ba. Na ɗauka kayan sawarta ne. Har na ɗan ji haushi a raina cewa ba ta kawo wa jikarta komai ba ban da kayan miya, alhali uwar mijina ta zo da riguna da bargo.

Shekara shida na rayu da wannan lallashin da na yi wa kaina. Ina zuwa gida da salla, ina aika mata da abin da ya sawwaƙa, muna gaisawa a waya. Ba ta taɓa tayar da maganar matashi ba, ni ma haka.

Yarinyar tana da kamar shekara biyar ta fara wani tari da mura da ba sa ƙarewa. Kullum ta tashi da safe hanci a toshe, ido ja, ga ƙuraje ƙanana a bayan wuya. Mun sha maganin asibiti, mun sha na gargajiya. Wata ma'aikaciyar jinya mai shekaru, bayan ta gaji da ganinmu, ta tambaye ni a kan me yarinyar ke kwana. Na ce a kan katifa da filo mana, kamar kowa. Ta ce in je in buɗe filon in gani, ita ba ta ce shi ne ba, amma in duba.

Na koma gida na zare rigar. Soson da na yi ta tinƙaho da shi ya zama ruwan ɗorawa, yana marmashewa, na taɓa shi da yatsa sai gari ya biyo hannuna. Ga warin tsohon gumi da ya shige ciki ba hanyar fita. A kan wannan 'yata ke kifa fuska. Na tattara su duka huɗun na fitar. Na naɗe mata zani ta riƙa matashi da shi, kuma cikin ikon Allah tarin ya fara sauƙi. Ko filon ne, ko lokacin sauƙin ne ya zo, Allah ne masani.

A daidai wannan lokaci wata abokiyar aikina, mai sayar da kaya ta waya, ta shigo da sabon yayi ofis. Filon lafiya, in ji ta, ba soso, ba roba, ba sinadari ko ɗigo. Ta ce sunansa oganik, daga Legas ake kawo mata, kuma manyan mata ba sa kwana a kan wani abu sai shi. Ya zo cikin jaka mai zif da takarda a jiki cike da Turanci. Na taɓa shi na ji laushi da sanyi, ga rashin nauyi. Wani abu ya ɗan motsa a raina, kamar na san wannan taushin a wani wuri, amma ban tsaya na saurare shi ba. Tsadarsa ma ita ta ƙara mini sonsa. Na sayi uku, ɗaya na yarinyar, ɗaya namu, ɗaya kuma na ce na Inna ne, don ta daɗe tana kukan ciwon wuya.

Ranar Asabar na ɗauki 'yata muka tafi ƙauye. Mun iso da hantsi muka tarar da Inna a inuwar ɗaki tare da ƙanwarta, Gwaggo, suna ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa da shan ruwa na jawo jakar nan mai zif na ajiye a gabanta. Da na tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, sai na buɗe baki na shiga wa'azi. Na ce yanzu masana sun gano cewa abin da mutum ke ɗora kansa a kai yana shafar lafiyarsa. Na ce wannan daga tsiro aka yi shi, ba guba a ciki, iska na ratsa shi, ba ya tara zafi. Na ce sai dai a riƙa shanya shi a rana lokaci-lokaci, kuma kada a kuskura a tsoma shi a ruwa. Duk abin da na haddace daga takardar sai da na juye mata shi da Hausa, ina yi ina ɗaga yatsa.

Inna ta saurare ni har na gama. Idanunta sun fara rauni a lokacin, don haka da hannu ta duba shi. Ta matsa shi, ta sake shi, ta kai hanci ta shinshina. Sai ta ɗaga shi kusa da kunne ta girgiza. Ta miƙa wa Gwaggo, ita ma ta girgiza, suka dubi juna.

Inna ta ce, "Auta, miƙo mini rezar can a kan taga."

Na ce, "Inna, kada ki farke shi, mai tsada ne."

Ta ce, "Zan ɗinke miki."

Ta tsaga ɗinkin kaɗan a kusurwa, ta zura yatsu biyu ta zaro. Audugar ta fito tana sheƙi, wani ɓangare ya tashi sama yana yawo a hasken rana. A tafin hannunta ga baƙaƙen 'ya'ya guda biyu.

Ta ce, "Rimi ne. Kuma wanda ya yi aikin yana sauri, bai tsince shi da kyau ba."

Gwaggo ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Ta ce, "Yau ga rashin sani, kaza ta kwana a kan dami! 'Yar nan, tun daga Legas? Wannan da kika yi fitsarin kwance a kansa har kika shiga makaranta?"

Na yi yaƙe. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Duk abin da na gama karanta mata, shanya a rana, kada a sa a ruwa, a bakinta na fara jinsa tun ban san harafi ba. Na yi shekaru ina gudun abin da ta ba ni kyauta da hannunta, sai da aka sa shi a jaka mai zif aka rubuta masa Turanci sannan na rusuna masa. Inna ba ta taya Gwaggo dariyar ba. Murmushi kawai ta yi, ta ce an gode, Allah ya yi albarka, kuma zai yi mata amfani idan ta tsince shi.

Bayan Gwaggo ta tafi gidanta, yarinyar ta bi 'yan'uwanta wasa, muka rage mu biyu. Na ba ta labarin tarin da filon soson da ya marmashe. Sannan na tattaro ƙarfin hali na ce ko za ta yi wa jikarta matashi da hannunta idan rimi ya yi 'ya'ya bana.

Ta ce, "Wane rimin? Ba ki duba bakin rijiya ba da kuka wuce?"

Ban duba ba. Ina kan acaɓa ina kare jakata daga ƙaya. Ta ce tun damina biyu da suka wuce iska ta karya masa babban reshe, aka ji tsoron kada ya faɗa wa masu ɗiban ruwa, aka sare shi. Na yi shekara biyu ina shiga garin nan ina fita ban lura babu shi ba.

Ta dafa gwiwa ta miƙe ta shiga ɗaki. Na ji ƙarar murfin adaka. Ta fito da ƙulli a ɗaure cikin ɗankwali, kuma tun kafin ta zauna na gane shi. Shi ne wanda ta je da shi Gumel ta dawo da shi. Ta kwance a hankali. Ɗan ƙaramin matashi ne, bai fi tafin hannu biyu ba, da riga ta ragowar atamfar nan mai ganye-ganye, launinta bai ko dushe ba. A kusurwa ga jan zarenta.

Ta ce, "Na ƙawata ne. Tun kina da ciki na yi shi. Duk shekara ina fito da shi in shanya in mayar."

Na karɓa. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na shafa shi ko'ina ban ji ɗa ko ɗaya a ciki ba. Kan jaririya aka auna aka yi shi, ga jaririyar can a waje tana tsalle-tsalle, har ta fara famfara.

Na ce, "Inna, me ya sa ba ki ba ni ba a lokacin?"

Na san amsar. Ban san abin da ya sa na tambaya ba, sai dai ko ina fatan ta ce mantawa ta yi. Ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta ɓare, ba ta dube ni ba.

Ta ce, "Na ga kamar ba kya son irinsu. Ban so in kawo miki abin kunya a gaban mutane ba."

Na ce ta yafe mini. Na maimaita har sau uku. Ta ce ba komai, tsakanin uwa da 'ya ai ba wannan, ta yafe duniya da lahira. Ta ce matashin ya yi wa yarinyar kaɗan yanzu, amma idan na so sai mu farke shi, mu tsince na Legas ɗin mu haɗa, a sake masa babbar riga. Ita dai ba ta ganin kafar allura, sai in riƙa zura mata zare.

Na ce to. Na rungume shi a ƙirjina ina share hawaye da bakin mayafi, ina jin kamar an sauke mini kaya. A raina har na fara cewa alhamdu lillahi, ɓoye matasanta da na yi a bayan sif kawai ta sani, ɗayan abin Allah ya rufa mini asiri.

Sai ta miƙo hannu ta gyara wa matashin riga a jikina, ta shafa jan zaren da babban yatsa. Ta yi magana a hankali, ba faɗa, ba gori, roƙo ne kawai.

"Amma Auta, idan kin gaji da shi, ki aiko mini da abina. Kada ki sa shi a ƙarƙashin inji. Wannan shi ne na ƙarshe."